Ƙira da Girka Rolar da Moto ke Juyawa a Na'urar Jigilar Amfanin Gona

Gabatarwa

A masana'antun cashe shinkafa, da ɗakunan ajiyar hatsi, da wuraren haɗa takin zamani, aikin da ya fi cin lokaci da ƙarfi shi ne ɗaukar kaya daga wannan wuri zuwa wancan. Na'urar jigila mai bel ko mai jerin rola tana rage wannan wahala, kuma yanzu masu walda da yawa a garuruwanmu suna iya ƙera ta. Sai dai sau da yawa ƙungiyar manoma kan kashe kuɗinta a ƙera na'urar, bayan 'yan makonni bel ya fara gudu gefe guda yana yagewa, ko moto ya ƙone, ko sandar rola ta karye a tsakiyar kaka. Idan aka bincika, akasari ba ƙarfen ne ba shi da kyau ba. Ba a yi lissafi kafin ƙira ba ne, ko kuma an ɗaura rola a karkace.

An shirya wannan bayani ne domin kai malamin gona, da kai manomi ko shugaban ƙungiyar gama kai, don ka san abin da za ka nema a wurin mai ƙira, da abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi ka karɓi aiki.

Sassan na'urar da ya kamata ka sani

1. Rolar kai: ita ce babbar rolar da moto ke juyawa, ita kuma ke jan bel. Moto shi ne injin lantarkin da wasu ke kira dainamo.
2. Rolar wutsiya: tana ɗaya ƙarshen, inda ake ɗora kaya. Ba ta da moto, da ita ake ɗaure bel ko sassauta shi.
3. Ƙananan rola na sama: su ke tallafe bel da kayan da ke kansa.
4. Ƙananan rola na ƙasa: su ke riƙe bel lokacin da yake komowa babu kaya.
5. Akwatin giya: yana rage gudun moto, ya ƙara masa ƙarfin ja.
6. Sanda da boris: sandar ƙarfe ce ke ratsa tsakiyar rola, boris kuma shi ke ba ta damar juyawa.
7. Gado: ƙarafan da aka ɗora dukkan waɗannan a kai.

Fara da sanin kayan da za a ɗauka

Kafin a sayi ƙarfe ko guda, ka amsa tambayoyi huɗu: wane kaya za a ɗauka, nawa ne nauyinsa, wace tazara zai yi, kuma wane tsayi za a hau da shi.

Idan buhuna ne na masara, ko shinkafa, ko taki, a yi amfani da bel shimfiɗaɗɗe. Buhu ba shi da taurin gindi, saboda haka idan aka ɗora shi kan jerin rola tsirara, sai ya nutse tsakaninsu ya maƙale ko ya yage.

Idan hatsi ne a zube, kamar shanshera ko masarar da aka sussuke, ana jera ƙananan rola uku-uku, ta tsakiya a kwance, na gefe a ɗan ɗage, don bel ya yi kwari kamar kwale-kwale, hatsi ba zai zuba ba. Ɗagawar digiri 20 ko 35 ita aka fi yi.

Idan kuma kaya ne masu shimfiɗaɗɗen gindi, kamar kwandunan roba na tumatir ko kwalaye, jerin rola ba tare da bel ba ya isa. Ƙa'idar a nan ita ce, a kowane lokaci kayan ya kasance a kan rola uku a ƙalla. Kwandon roba mai tsawon santimita 60 yana buƙatar kada tazarar da ke tsakanin rola ta wuce santimita 20. Santimita 15 ya fi.

Dangane da hawa kuwa, bel mai santsi bai kamata ya hau fiye da mita 1 a kowace mita 4 ta tsawonsa ba. Idan ya wuce haka buhu zai riƙa zamewa baya. Idan wurin ya tilasta tsayi fiye da haka, sai a nemi bel mai kaushi ko mai tudu-tudu a bayansa.

Hanyoyi biyu na juya rola

Hanya ta farko ita ce a ajiye moto da akwatin giya a waje, a haɗa su da sandar rola kai tsaye ko ta hanyar sarƙa da faifai mai haƙora. Wannan ita ta fi dacewa da yawancin wuraren aikinmu, domin kowane sashe ana samunsa a kasuwa, kuma kowane bakanike na iya kwance shi ya gyara.

Hanya ta biyu ita ce rolar da aka sa moto da giya a cikin cikinta aka rufe. Ba ta da sarƙa a waje, ba ta cin wuri, ƙura da ruwa ba sa shiga da sauƙi. Akwai manya masu jan bel, akwai kuma ƙanana masu kaurin santimita 5 da ke aiki da bolt 24, waɗanda ƙarfinsu bai wuce wat 20 zuwa 50 ba. Ƙaramar guda ɗaya tana juya maƙwabtanta ta hanyar siraran bel na roba, kuma ta dace da kwanduna da kwalaye ne kawai. Amma ka lura da abubuwa uku game da irin wannan rola:

- Sandarta ba ta juyawa, gangar jikin ce ke juyawa. Dole a kama sandar kam a cikin mariƙinta. Idan ta sami sarari ta juya, za ta murɗe wayar da ta ratsa cikinta ta tsinka ta.
- Babbar mai jan bel, shi bel ɗin ne ke ɗauke mata zafi. Kada a bar ta tana juyawa tsawon lokaci ba bel.
- Idan ta lalace, ba kowane gari ake samun mai gyaranta ba. Kada ka saya sai ka tabbatar akwai inda za ka sami wata.

Lissafin gudun bel

Wannan lissafi ba shi da wuya, kuma shi ne ginshiƙin dukkan aikin. Duk juyi ɗaya da rolar kai ta yi, bel yana tafiya daidai tsawon kewayenta. Kewayen rola kuwa shi ne kaurinta sau 3.14.

Ga misali. Rola mai kaurin santimita 20, kewayenta santimita 62.8 ne. Moton da aka fi samu a kasuwa yana juyi kimanin 1,440 a minti ɗaya a kan wutar lantarkin ƙasar nan. Da za a haɗa shi da rolar kai tsaye, bel zai yi gudun fiye da mita 900 a minti, wanda babu kayan da zai zauna a kai. Gudun da ya dace da buhuna, yadda mai ɗorawa da mai karɓa za su yi aiki a natse, shi ne kimanin mita 30 a minti.

Don samun haka, raba mita 30 da mita 0.628, zai ba ka juyi 48 a minti. Sai ka raba 1,440 da 48, zai ba ka 30. Ke nan akwatin giyar da kake buƙata shi ne wanda aka rubuta 30:1 a jikinsa, wato moto ya juya sau 30, rola ta juya sau ɗaya.

Idan mai 20:1 ka samu, zai ba ka juyi 72. Sai a cike ragowar da sarƙa: faifai mai haƙora 14 a jikin akwatin giya, mai haƙora 21 a jikin sandar rola. Sakamakon shi ne juyi 48 ɗin dai.

Abin lura: ka karanta ƙaramin allon da ke manne a jikin moto kafin ka saya. Akwai mai juyi kusan 2,850, akwai mai 1,440, akwai mai kusan 950, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Wanda ya sayi mai 2,850 bisa kuskure, bel ɗinsa zai yi ninkin gudun da aka tsara. Haka kuma idan an ƙera rolar da bututu mai inci 8, ainihin kaurinsa santimita 21.9 ne, gudun zai kai mita 33 a minti. Robar da aka lulluɓe rola da ita ma tana ƙara kauri, a sa ta cikin lissafi.

Lissafin ƙarfin moto

A ɗauka na'urar tana da tsawon mita 10, za ta hau da buhu mita 2 da rabi zuwa bayan mota ko saman tsibin buhuna. Ana ɗora buhu 10 mai kilo 50 a kowane minti, wato buhu 600 a awa, lodin tirela guda ke nan.

Buhu 10 a minti kilo 500 ne, wato kimanin kilo 8.3 a daƙiƙa. Ka ninka wannan da 9.8, sa'an nan da tsayin mita 2.5, za ka sami kimanin wat 200. Wannan shi ne ƙarfin ɗaga kayan kawai. Sai a ƙara kwatankwacinsa saboda nauyin bel da gogayyar rola, ya zama wat 400. Akwatin giya irin mai sukurwa a ciki yana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ya shiga cikinsa, saboda haka abin ya kai wat 600. Daga nan sai a bar sarari domin ranar da wuta za ta ɗauke, a tayar da na'urar da buhuna a kanta. Moto mai kilowat 1.1, wato ƙarfin doki ɗaya da rabi, ya wadatar. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Idan buhunan masu kilo 100 ne a wannan adadi, sai a ninka lissafin.

Kada ka yarda da maganar cewa gwamma a sa babban moto ƙwarai don a huta. Moton da ya yi girma fiye da kima yana cin mai a janareto, kuma ranar da wani abu ya maƙale ba zai tsaya ba, sai ya yaga bel ko ya murɗe sanda.

Ƙirar rolar kai

Faɗi. Rola ta fi bel faɗi da kimanin santimita 5 a kowane gefe. Bel mai santimita 50 yana buƙatar rola mai santimita 60.

Kauri. Bel mai kauri ba ya son lanƙwasa a kan siririyar rola, yakan tsage ko ya ɓare a wurin haɗi. Tsohon bel na wurin fasa dutse ya yi wa rola mai santimita 20 tauri. Ka tambayi mai sayar da bel mafi ƙanƙantar rolar da ya dace da ita.

Sanda. A misalinmu, sanda mai milimita 40 ta dace. Sandar takan karye ne a daidai inda aka yi mata walda da faifan gefen rola. Ya fi kyau a yi wa faifan cibiya mai kauri, a zura sandar a ciki, a kulle su da ɗan ƙarfen makulli a cikin ramin da aka sassaƙa masa.

Sassaƙa. Walda tana karkatar da ƙarfe. Saboda haka bayan an gama walda ne za a kai rolar wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ya daidaita bayanta da sandar. Rolar da ba a sassaƙa ba takan yi tsalle a kowane juyi, ta kashe boris da wuri.

Ɗan tudu a tsakiya. A sassaƙa rolar yadda tsakiyarta za ta fi gefuna kauri da kimanin milimita 1 zuwa 2. Bel yana bin inda ya fi tudu, don haka wannan ɗan bambanci yana taimaka masa ya zauna a tsakiya. Idan tudun ya yi yawa kuma, yana lalata tsakiyar bel.

Lulluɓin roba. Ƙarfe tsirara yana santsi, musamman da damina ko idan gari ya bi bayansa. A manna roba mai kaurin milimita 6 zuwa 10, mai zane a jiki, a bayan rolar kai. Idan duk da haka tana zamewa, a sa wata ƙaramar rola a ƙasa dab da ita, ta tura bel sama don ya ƙara rungumar rolar.

Boris. Na rolar kai da ta wutsiya shi ne irin mai gida da ake ɗaurewa da noti a kan gado. A yawancin boris, lambobi biyu na ƙarshe a jikinsa, idan ka ninka su da 5, su ne faɗin raminsa a milimita. UCP 208 na sanda mai milimita 40 ne, UCP 205 na mai 25, haka 6204 na mai 20. Ga ƙananan rola, bututu mai inci 3 da boris 6204 sun isa, amma a nemi wanda aka rubuta 2RS a ƙarshen lambarsa, domin shi a rufe yake da roba ta gefe biyu. Ƙurar hunturu da ɓuntun shinkafa suna cin buɗaɗɗen boris kamar yashi.

Matakan girkawa

1. Shirya ƙasa. A zuba siminti a inda ƙafafun gado za su zauna. Ƙafar da aka dasa a ƙasa zalla za ta nutse da damina, gadon ya murɗe.

2. Daidaita gado. Yi amfani da ma'aunin daidaito na magina, ko siririn tiyo mai ruwa a ciki, ka tabbatar gefen dama da na hagu tsayinsu ɗaya a kowane wuri.

3. Auna kusurwa zuwa kusurwa. Ja tef daga kusurwar dama ta kai zuwa kusurwar hagu ta wutsiya, sa'an nan daga ta hagu ta kai zuwa ta dama ta wutsiya. Awon biyu su zo daidai. Idan sun bambanta, gadon a karkace yake, a gyara shi tun yanzu. Babu wani ɗaurin noti da zai gyara wannan daga baya.

4. Ja zare a tsakiya. Ɗaura zare daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar wutsiya. Daga wannan zare za a auna zaman kowace rola.

5. Ɗaura rolar kai. Ta kasance a ƙarshen da kaya ke sauka, domin bel jansa ake yi, ba tura shi ba. Tsakiyarta ta faɗo a kan zare, kuma ta gicciye shi sosai. Don tabbatarwa, auna santimita 30 a kan rola daga zare, da santimita 40 a kan zare daga rola. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama santimita 50 cif. A matso da boris kusa da gefen rola gwargwadon iko, domin idan ya yi nisa sandar takan lanƙwashe.

6. Ɗaura rolar wutsiya. A ɗora boris ɗinta a kan mazari mai zamewa, da doguwar kusa mai noti a kowane gefe. Ga na'ura mai mita 10, a bar mata sararin tafiya na santimita 20 zuwa 30, domin sabon bel yana miƙewa.

7. Jera ƙananan rola. A huda ramukansu dogaye ba zagayayyu ba, don a iya matsar da su gaba ko baya. Ga hatsi a zube, tazarar kimanin mita 1 ta isa. Ga buhuna a matso da su zuwa santimita 30 ko 40. A inda ake jefa kaya a ƙara matso da su. Na ƙasa kuwa, mita 2 da rabi zuwa 3. Juya kowace da hannu kafin a sa bel. Wadda ta cije ko take ƙara, a cire ta.

8. Girka moto da akwatin giya. Gindinsu ya zama ƙarfe mai kauri da ba ya rawa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar faifan sarƙa biyu, ya taɓa su duka ba tare da giɓi ba. Kada a ɗaure sarƙa tamau, a bar ta da ɗan sassauci. Kada a buga faifai ko boris da guduma kai tsaye. Duba mai a akwatin giya, domin wasu sababbi babu mai a cikinsu ake sayar da su.

9. Gwada juyi ba bel. Kunna na ɗan lokaci ka ga inda rolar ta nufa. Idan moton mai layi uku ne kuma yana juyawa baya, ma'aikacin lantarki ya sauya wayoyi biyu daga cikin ukun.

10. Sa bel. A yanka bakinsa biyu a miƙe sosai kafin a haɗa. Haɗin da ya karkace zai riƙa jefa bel gefe duk lokacin da ya zagayo. Idan bel ɗin zai taɓa abinci kai tsaye, kamar garin rogo ko shinkafar da aka cashe, a sayi wanda aka yi domin abinci. Kada a yi amfani da wanda ya taɓa ɗaukar siminti, ko taki, ko magani.

Daidaita tafiyar bel

A ɗaure bel daidai yadda ba zai zame a kan rolar kai ba idan an yi masa lodi, kada a wuce haka. Ɗauri fiye da kima shi ke kashe boris da haɗin bel.

Kunna na'urar ba kaya, ka tsaya ka kalli gefen bel. Idan yana gudu zuwa dama a wurin wutsiya, ƙara ɗaurin notin dama da rubu'in juyi kawai, sa'an nan ka jira bel ya zagaya sau uku ko huɗu kafin ka sake taɓawa. Bel yana gudu ne zuwa gefen da ya fi sassauci, kuma ba ya amsa gyara nan take.

Idan a tsakiyar na'urar yake kaucewa, gyaran yana wurin ƙananan rolar da bel ke bi kafin ya iso wurin. Sai a kashe na'urar, a matsar da bakin rolar na gefen da bel ya nufa zuwa gaba kaɗan, wato inda bel ke tafiya. Gara a taɓa rola biyu ko uku kaɗan-kaɗan da a karkata guda ɗaya da yawa. Kada a taɓa zaman rolar kai don gyaran tafiyar bel.

Bayan ya zauna ba kaya, sai a gwada da kaya. A riƙa ɗora buhu a tsakiyar bel. Lodin gefe guda yana ture bel zuwa ɗaya gefen.

Wutar lantarki

Ma'aikacin da ya san aikinsa ne zai haɗa wuta. A sa makunni mai na'urar kariya da ke yanke wuta idan moto ya ja fiye da ƙarfinsa, a saita ta bisa lambar da ke allon moto. Moto mai layi uku yana ƙonewa da sauri idan layi ɗaya ya ɗauke aka bar shi yana aiki da biyu, saboda haka a sa masa kariyar wannan ma. A haɗa gado da jikin moto da wayar ƙasa. A zaɓi moto rufaffe mai fanka a baya, wanda aka rubuta IP55 a allonsa.

Lokacin tashi, moto yana jan wuta sau biyar zuwa bakwai fiye da yadda yake ja a kan aiki. Don haka janareto ya zama ya ninka ƙarfin moton kimanin sau uku. A na'urar da ke hawa, a sa abin hana komawa baya, domin idan wuta ta ɗauke nauyin buhuna zai iya jawo bel ya zubo su kan mai ɗorawa.

Kare lafiyar ma'aikata

Wurin da bel ke shiga ƙarƙashin rola, da inda sarƙa ke hawa faifai, su ne bakin na'urar. Abin da suka kama ba sa saki, kuma moto mai ƙarfin doki ɗaya da aka rage wa gudu sau 30 ya fi ƙarfin kowane mutum.

- A rufe sarƙa, da rolar kai, da ta wutsiya da ragar ƙarfe. Kada ka karɓi aiki daga mai ƙira ba tare da waɗannan murafe ba.
- Kada a yi aiki kusa da na'urar da babbar riga, ko rawani mai jela, ko gyale da hijabi masu ja.
- A sa makashi a kowane ƙarshe, inda hannun ma'aikaci zai kai nan take.
- Kafin shara ko gyara, a kashe wuta daga tushe, mai gyaran ya kulle makunnin ya riƙe makullin a aljihunsa.
- Kada a bar yara su hau bel.

Akwai kuma haɗarin gobara. A shekarar 1998, wani babban rumbun hatsi kusa da birnin Wichita a jihar Kansas ta Amurka ya fashe, mutum bakwai suka rasu. Binciken hukuma ya nuna cewa boris ɗin wata rola ne ya cije saboda rashin giris. Rolar ta tsaya cik, bel ya ci gaba da gogarta har ta yi zafi, ƙurar hatsin da ta taru a wurin ta kama. Ko a ƙaramin sito, rolar da ta tsaya da ƙurar da ba a share ba sun isa su tayar da wuta.

Kulawa

Kowace rana: a share ƙura da ɓuntu daga ƙarƙashin bel da kan moto. A bi na'urar tana aiki, a duba ko akwai rolar da ba ta juyawa, a saurari baƙon ƙara. Bayan an kashe, a taɓa gidan boris. Wanda hannu ba ya iya daɗewa a kansa yana neman dubawa.

Kowane mako: a sa wa sarƙa mai kaɗan, a duba notina, a kankare abin da ya daskare a bayan rola, domin yana sauya kaurinta ya karkatar da bel.

Kowane wata: a sa giris a boris masu gida, amma kaɗan, domin cika shi da yawa ma yana kawo zafi. A duba man akwatin giya da haɗin bel.

Ƙarshen kaka: a sassauta bel, a rufe moto, a toshe hanyar ɓera. Idan an ɗauki takin zamani, a goge ƙarafan sosai a shafa musu fenti, domin taki yana cin ƙarfe.

Kammalawa

Kafin ka ba da kwangila, rubuta a takarda irin kayan, da nauyinsu, da tsawo, da tsayi, da gudun da kake so, ka sa mai ƙira ya nuna maka lissafinsa. Ranar karɓar aiki ka je da tef da zare, ka auna kusurwa zuwa kusurwa da kanka, ka sa a gwada na'urar da cikakken lodi na awa ɗaya a ƙalla. Ka ajiye boris biyu, da ɗan guntun sarƙa, da ƙaramar rola ɗaya ko biyu a sito tun kafin kaka ta zo. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinka ko sashen injiniyoyin aikin gona na hukumar raya aikin gona ta jiharka.